Ramin da Babu Ruwa a Ciki: Tarihin Kalmar "Bor"

Karatu: Farawa 37:12-28, Irmiya 38:1-13, Zabura 40:1-3, Zakariya 9:9-12

   A wannan karo za mu bi sawun kalma guda ɗaya daga Tsohon Alkawari, mu ga inda ta fito da inda ta kai mu.

Yawancinmu muna da harshen da muka sha a nono, muna kuma karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Saboda haka mun san yadda kalma ɗaya ta yarenmu takan bukaci kalmomi biyu ko uku kafin a faɗe ta da Hausa. Haka yake da kalmar Ibrananci da ake kira "bor". Ta fito fiye da sau 60 a Tsohon Alkawari. A wani wuri ma'anarta rijiya, a wani wuri rami, a wani wuri kurkuku, a wani wurin kuma kabari. Mai karatu da Hausa zai ga kamar abubuwa huɗu ne dabam. Ba'ibrane kuwa kalma ɗaya yake ji, hoto ɗaya kuma yake gani. In muka gane wannan hoto, za mu ƙara fahimtar addu'o'in da ke cikin Zabura, da abin da Allah ya yi mana cikin Yesu.

Ƙasar da take jiran ruwan sama

Bari mu fara da ƙasar kanta. A tuddan Yahudiya da na Ifraimu ruwan sama yakan fara wajen watan Oktoba ko Nuwamba, ya ɗauke a watan Afrilu. Wato sa'ad da mu muke cikin hunturu da rani, su suna cikin damina. Daga Mayu zuwa Satumba kuwa da ƙyar a ga ko ɗigo. Urushalima takan sami ruwan sama kamar milimita 550 a shekara, bai kai rabin abin da Jos take samu ba. Babu babban kogi a kan tuddan nan, maɓuɓɓugai kuma kaɗan ne. Tsohon birnin Urushalima da maɓuɓɓuga ɗaya ya dogara, wato Gihon.

Ibraniyawa suna da wata kalma, "be'er", domin rijiyar da aka haƙa har aka tarar da ruwan ƙasa. Ita ce a cikin sunan garin Biyer-sheba. "Bor" kuwa ainihinsa ramin tara ruwan sama ne. Akan sassaƙe shi a cikin dutsen farar ƙasa, a yaɓe cikinsa da farar ƙasa da aka toya domin kada ya yi yoyo, a ja masa magudana daga rufin ɗaki ko daga gangaren tudu. Siffarsa kamar tulu take: baki ƙarami, wuya matsattse, ciki mai fāɗi. Zurfinsa yakan kai mita 3 zuwa 6, wasu ma sun fi haka. Akan rufe bakin da faifan dutse. Mu riƙe wannan siffa ta tulu a zuciya, gama dukan abin da za mu faɗa ya rataya a kanta.

Masu tonon kayan tarihi sun sami irin waɗannan ramummuka da yawa. A kangon garin Ai sun tarar da ƙauyen wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Almasihu, inda aka sassaƙa ramin ruwa a ƙarƙashin gidaje. A wani tudu mai suna Tell en-Nasbeh, kilomita 12 arewa da Urushalima, wanda masana da yawa suke ɗauka shi ne Mizfa, an yi tono daga 1926 zuwa 1935, aka sami ramummukan ruwa fiye da 50. A shekara ta 1868 kuma, a garin Dibon na ƙasar Urdun ta yau, aka sami wani baƙin dutse mai rubutu. Mesha sarkin Mowab ne ya sa aka rubuta shi wajen shekara ta 840 kafin haihuwar Almasihu, Meshan nan da muke karanta labarinsa a 2 Sarakuna sura 3. A cikin rubutun ya ba da labari cewa wani birninsa ba shi da ramin ruwa, sai ya umarci kowane magidanci ya haƙa nasa a gidansa. Harshen Mowab ɗan'uwan Ibrananci ne, kalmar da ya yi amfani da ita kuwa ita ce wannan tamu. Dutsen yana gidan tarihi na Louvre a birnin Paris.

Kun ga, da farko "bor" abin alheri ne. A Maimaitawar Shari'a 6:11 Musa ya lissafta shi tare da gidaje da gonakin inabi da na zaitun, cikin kyautar da Allah zai ba Isra'ila ba tare da sun yi wahalarta ba. An yabi sarki Uzziya a 2 Tarihi 26:10 domin ya haƙa su da yawa saboda dabbobinsa. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, sa'ad da jakadan sarkin Assuriya yake ruɗin mutanen Urushalima su miƙa wuya, cikin alkawaran da ya yi musu har da cewa kowa zai sha ruwa daga nasa "bor" (2 Sarakuna 18:31). Ya san abin da zuciyar magidanci take so.

Amma tun a Shari'ar Musa an san hatsarinsa. Fitowa 21:33-34 ta ce wanda ya buɗe rami, ko ya haƙa bai rufe ba, har sa ko jaki ya fāɗa, shi zai biya. Annabi Irmiya kuma ya san wani aibinsa: yaɓen yakan tsage, ruwan ya tsiyaye a ɓoye, sai ranar da aka zura guga a tsakiyar rani a ji ya bugi dutse. Da wannan ne Allah ya kwatanta zunubin jama'arsa a Irmiya 2:13. Sun rabu da shi, shi da yake maɓuɓɓuga mai gudana, suka je suna fasa dutse suna yi wa kansu ramummukan da ba su riƙe ruwa.

Sa'ad da ruwan ya ƙare

To, me ake yi da ramin da ya bushe? Labarin Yusufu ya ba mu amsa. Yana da shekara 17 sa'ad da mahaifinsa Yakubu ya aike shi duba 'yan'uwansa, ya same su a Dotan, kusa da hanyar fatake da ta taso daga Gileyad zuwa Masar. Suka tuɓe masa rigarsa, suka jefa shi cikin "bor". Marubucin ya kula ya gaya mana cewa ramin busasshe ne. Ba su ɗaure shi da igiya ba, ba su sa mai gadi ba, suka koma gefe suka zauna cin abinci. Ba su bukaci gadi ba, gama wanda yake cikin tulun dutse ba shi da wurin sa ƙafa. Bangon yana da santsi, yana kuma rufowa ta kansa. Bayan shekaru fiye da 20, a Farawa 42:21, 'yan'uwan da bakinsu suka tuna yadda ya yi ta roƙonsu suka ƙi ji.

Ga wani abu da fassara takan ɓoye mana. Sa'ad da Yusufu yake tsare a Masar saboda ƙaryar matar Fotifar, ya gaya wa mai shayar da Fir'auna cewa bai yi laifin da ya isa a sa shi a wurin nan ba. Kalmar da ya kira kurkukun da ita a Farawa 40:15 ita ce "bor". A Farawa 41:14 ma, da Fir'auna ya aika a kawo shi da sauri, daga "bor" aka fito da shi. Ashe sau biyu Yusufu ya shiga rami, sau biyu kuma hannun wani ne ya fitar da shi. A nan kalmar ta sami ma'ana ta biyu. Har Ibraniyawa suka riƙa kiran kurkuku "gidan bor", kamar yadda yake a Fitowa 12:29 da Irmiya 37:16.

Irmiya da mutumin Kush

Bari mu matsa gaba zuwa kwanakin ƙarshe na mulkin Yahuza. Sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila sun kewaye Urushalima, abinci yana ƙarewa. Irmiya yana ta faɗa wa jama'a cewa birnin zai fāɗi, wanda ya miƙa kansa ga Babilawa ne zai tsira da ransa. Fadawa huɗu suka kai ƙararsa wurin sarki Zadakiya, suka ce yana karya zuciyar mayaƙa, ya kamata a kashe shi. Sarki ya ce ba shi da ikon hana su. Biyu daga cikin fadawan nan, Yukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur, an sami tambarin hatiminsu a kan ƙananan dunƙulen yumɓu a tsohon Birnin Dawuda, ɗaya a 2005, ɗayan a 2008, a tonon da Eilat Mazar ta shugabanta. Mutane ne na gaske, masu hatimi da iko.

Ba su so jinin annabi a hannunsu ba, sai suka zura shi da igiya cikin ramin ruwa na Malkiya a filin matsara. Babu ruwa a ciki, sai laka, Irmiya kuwa ya nutse a lakar. Sun bar yunwa ta ƙarasa musu aikin.

A dukan fādar, mutum ɗaya ne ya buɗe baki. Sunansa Ebed-melek, ma'anarsa bawan sarki. Baba ne, baƙo kuma daga Kush, ƙasar da take kudu da Masar a bakin kogin Nilu, inda Sudan take a yau. Ba shi da dangi a birnin da za su tsaya masa. Duk da haka ya tafi ya sami sarki a Ƙofar Biliyaminu, a gaban jama'a, ya ce abin da mutanen nan suka yi mugunta ne. Sarki ya ba shi mutane. Kafin ya tafi bakin ramin sai ya bi ta wani ɗaki a fāda ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi. Ya zura wa Irmiya su, ya ce ya sa a hammatarsa kada igiya ta yanke shi. Sa'an nan suka jawo shi. Allah bai manta da wannan ba. A Irmiya 39:15-18 ya aika wa Ebed-melek da alkawari cewa ranar da birnin zai fāɗi, shi zai tsira, domin ya dogara ga Ubangiji.

Birnin ya fāɗi a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Ba da jimawa ba wani Isma'ilu ɗan Netaniya ya kashe gwamnan da Babilawa suka naɗa a Mizfa. Kashegari mutum 80 suka iso za su kai hadaya, ya karkashe su, 10 kaɗai ya bari. Gawawwakin kuwa ya zuba su a babban ramin ruwa da sarki Asa ya haƙa wajen shekara 300 kafin lokacin (Irmiya 41:4-9). Ramin da aka yi domin raya gari ya zama kabarin taro.

Masu gangarawa rami

Mutanen da suka ga irin waɗannan abubuwa, ba abin mamaki ba ne da suka ɗauki kalmar suka kira mutuwa da ita. A Zabura da littattafan annabawa "bor" yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da "Sheol", wato lahira, mazaunin matattu. Akwai wata magana ta kalmomi biyu, "yorde bor", ma'ana masu gangarawa rami, wato matattu. Za mu same ta a Zabura 28:1, da 88:4, da 143:7, da Ishaya 38:18, ta kuma yi ta maimaituwa a Ezekiyel sura 31 da 32.

A nan sai mu yi hankali. Ramin da ake magana a kai a waɗannan wurare ba daidai yake da gidan wuta da Sabon Alkawari ya yi gargaɗi a kai ba. Wuri ne na duhu da shiru inda kowa yake gangarawa. Sarki Hezekiya mutumin kirki ne, amma da ya yi ciwon ajali abin da ya ji tsoro ke nan. Abin da ya fi damunsa shi ne, a can ba a yabon Allah. Ga masu girmankai kuwa, ramin shi ne ƙarshen fahariyarsu. Sarkin Babila ya yi niyya ya kafa kursiyinsa bisa taurari, Ishaya 14:15 ta ce ƙarshensa can ƙurewar ramin ne. Ezekiyel ya jera Assuriya, da Elam, da Edom, da Masar, manyan ƙasashen da suka razana duniya, duka kwance a wuri ɗaya. Zabura 7:15 kuma ta yi maganar wanda ya haƙa wa wani rami ya fāɗa da kansa. Hausawa ma sun ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Amma abin da ya fi yawa a Zabura shi ne muryar mutumin da yake ciki tun yana da rai. Ciwo, ko maƙiya, ko baƙin ciki sun sa shi ya ji kamar an riga an zura shi. A Makoki 3:53-57 mai makokin ya ce an jefa shi a rami an rufe da dutse, ya yi kira daga can ƙasa, Allah kuwa ya ji, ya matso kusa. A Zabura 40 Dawuda ya yi ta jira, sai Ubangiji ya sunkuyo, ya tsamo shi daga laka, ya tsayar da shi a kan dutse. Mu lura, a waɗannan wurare ba a taɓa cewa mutumin ya hau ya fito ba. Kullum wani ne daga sama ya sunkuyo ya jawo shi. Abin da na ciki yake iyawa shi ne kira. Akwai kuma Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba a ga amsa ba. Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafin domin mu san cewa ita ma addu'a ce karɓaɓɓiya.

Daga Zakariya zuwa ranar Fentikos

Bayan an komo daga bauta a Babila, annabi Zakariya ya ɗauki tsohon hoton nan ya sa shi cikin alkawari. A Zakariya 9:9 ya yi shelar sarki mai tawali'u da zai shigo Urushalima a kan jaki. Ayoyi biyu kawai bayan wannan, a aya 11, Allah ya ce saboda jinin alkawari zai saki ɗaurarru daga "bor" marar ruwa. Ramin Yusufu ke nan, ramin Irmiya ke nan. Mun san wanda ya shiga Urushalima a kan jaki, mun kuma san cewa a cikin makon nan ne ya ɗauki ƙoƙo ya kira shi jininsa na alkawari (Matiyu 26:28).

Akwai wata kalma 'yar'uwar "bor", wato "shahat". Ta fito sau 23, ita ma ma'anarta rami ko kabari, kamar a Zabura 103:4 da addu'ar Yunusa daga cikin kifi. Lafazinta ya yi daidai da wata kalmar Ibrananci mai nufin lalacewa. Tun daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Littattafai zuwa Helenanci. Da masu fassara suka iso Zabura 16:10, inda Dawuda ya ce Allah ba zai bar amintaccensa ya ga "shahat" ba, sai suka sa kalmar Helenanci mai nufin ruɓa. Ma'anonin biyu ba su yi faɗa da juna ba, gama abin da yake faruwa a cikin kabari ke nan. Wannan aya ce Bitrus ya ɗauka a ranar Fentikos (Ayyukan Manzanni 2:25-32). Ya ce Dawuda ya mutu, an binne shi, kabarinsa ma yana nan a birnin. Saboda haka maganar ta wuce Dawuda, ta sauka a kan Yesu. Bulus ya yi wa'azi iri ɗaya a Antakiya ta Bisidiya (Ayyukan Manzanni 13:35-37).

Mu dubi inda aka sa Ubangijinmu: kabarin da aka sassaƙa a dutse, aka gangaro da babban dutse aka rufe bakinsa. Ebed-melek ya tsaya a bakin rami ya zura igiya. Yesu kuwa da kansa ya gangara har ƙasa, inda masu gangarawa rami suke, a rana ta uku kuma Uba ya tashe shi. Tun daga ranar nan babu ramin da mai bi zai shiga wanda Ubangijinsa bai riga shi shiga ba.

Abin da za mu riƙe a gidajenmu

Na farko, shiga rami ba kullum ne alamar zunubi ba. Yusufu ya shiga domin kishin 'yan'uwansa, Irmiya ya shiga domin ya faɗi gaskiya. In ɗan'uwa ya daɗe da ciwo, ko an ƙone masa gida, ko gwauruwa ta rasa mai taimako, kada mu tsaya a bakin ramin muna tambaya me ya yi. Kada kuma mu zauna cin abinci kusa da kukansa kamar 'ya'yan Yakubu.

Na biyu, akwai ramin da mu muke haƙa wa kanmu. Duk abin da muka dogara da shi a madadin Allah, ko laya ce, ko kuɗi, ko wani babban mutum, tsagaggen rami ne. Ranar da muka fi bukatarsa ne za mu tarar babu kome a ciki.

Na uku, Allah yakan yi amfani da hannun mutum ya zura igiya. Wataƙila muna ganin mu ba kowa ba ne, yarenmu ƙarami ne, ba a jin muryarmu a fāda. Ebed-melek ma baƙo ne, bawa ne, amma shi ya yi magana sa'ad da 'yan gari suka yi shiru. Mu kuma tuna da tsummokin. Taimakon da aka yi da gori da tonon asiri yakan yanki mutum kamar igiya a hammata. Dokar Fitowa 21 ma tana nan a kanmu: rijiyar tsakar gida da ramin da muka haƙa a gona, mu rufe su saboda yara da dabbobin maƙwabta.

Na ƙarshe, ga wanda yake cikin rami a yau, ɗan'uwa ko 'yar'uwa. Ba a ce ka hau bango ba, gama ba ya hawuwa. Ka yi kira. In ba ka da kalmomi, ka buɗe Zabura 88 ko ta 40 ka karanta da ƙarfi. In igiya ta sauko ta hannun fasto, ko zumuntar mata, ko likita, ko maƙwabci, kada kunya ta hana ka kamawa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, kai da ka ji Yusufu a Dotan, ka ji Irmiya a cikin laka, ka ji kukan 'ya'yanka a wannan rana. Ka gafarta mana inda muka bar ka muka bi abin da ba ya riƙe ruwa. Ka ba mu zuciya irin ta Ebed-melek. Muna gode maka domin Yesu, wanda ya shiga kabari saboda mu, ka kuma tashe shi. A cikin sunansa muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa. Ubangiji ya kiyaye ku da iyalanku.